Da wane mudu kotunan yanki irin ta ECOWAS ke auna diyya? Masana shari'a don Allah ku shigo

Ɗalibar_Shari'a:
Assalamu alaikum jama'a. Kundin mastas nake rubutawa kan diyyar da kotunan yanki ke yankewa idan gwamnati ta take haƙƙin mutum, kuma na cije a babi na uku, shari'ar Hadijatou Mani ce ta tsayar da ni. Baiwar Allahn nan an sayar da ita a 1996 tana shekara 12 kan sefa 240,000, ta yi shekara tara a matsayin wahaya, wato baiwar da ake aje ta kamar ƙwarƙwara, ga duka ga aikin gona ga haihuwa a gidan da ba ta zaɓa ba, sai kotun ECOWAS ta yanke ranar 27 ga Oktoba 2008 cewa Nijar ta gaza kare ta daga bauta, a ba ta sefa miliyan 10 alhali miliyan 50 ta nema. Sau uku ina karanta hukuncin, har takardar ta cika da jan biro, ban ga lissafin da ya haifi wannan adadi ba. Da wane mudu aka auna shekara taran nan? Malamin da ke duba aikina ya ce in aje ɓacin rai in nemo abin da masana suka rubuta, to ta ina zan faro?

Malam_na_Samaru:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ɓacin ranki na kan hanya, kar ki yar da shi, ki mai da shi tambayar bincike. Farko dai kalmar diyya ita ke rufe mana ido, da an faɗe ta sai hankali ya tafi kan kuɗi. Ƙa'idojin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a Disamba 2005, waɗanda Theo van Boven da Cherif Bassiouni suka yi wa aiki, sun kasa abin gida biyar ne: mayar wa mutum abin da aka raba shi da shi, biyan kuɗi, jinya ta jiki da ta zuciya, wanke suna da amsa laifi, sai tabbacin ba za a sake ba. Ki ɗora hukuncin Hadijatou a kan wannan za ki ga kuɗin kawai aka bayar.

Kuma ki leƙa kotun nahiyar Amurka da ke Kosta Rika, yawancin masu rubutu kan wannan fanni can suke ɗebo misali. Akwai shari'ar Aloeboetoe ta 1993, sojojin Suriname sun kashe mutum bakwai 'yan ƙabilar Saramaka, da aka zo rabon diyya kotu ta bi al'adarsu ta lissafa matan mamaci ko da sun fi ɗaya, ta sa a aje rabon yara amana, sannan ta ce a sake buɗe makarantar ƙauyen Gujaba da ɗakin shan magani. Ni duk shekara sai na koyar da ita kuma duk shekara sai ajin ya yi tsit, don alƙalan nan sai da suka tambaya yaya mutanen ke rayuwa kafin su yanke. Don na Afirka kuwa, mujallar cibiyar haƙƙin ɗan Adam ta Jami'ar Pretoria tana intanet kyauta.

Ɗan_Ƙonni:
Ƙanwata ni ba lauya ba ne amma abun ga ƙasarmu anka yi shi. Ki sani kotun ba Abuja ta zauna ba, tasowa ta yi ta zo Yamai cikin watan Afrilu 2008, matar ga ta tsaya gaban alƙalai ta faɗi abin da anka yi mata da bakinta, mutanen ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta na bayanta, kuma ki tuna ita ce hwa anka yanke ma wata shida na kaso don ta auri wanda take so bayan an ba ta takardar 'yanci a 2005, wai tana da aure bisa kanta. To ranar da rediyo ta ce gwamnati ce ta faɗi shari'a, wallahi a kasuwa har dattawan da ba su son a ambaci zancen wahaya sai da sunka tanka. Kuɗin an biya ta. Amma sai 2019 babbar kotun ƙasa ta ce al'adar ba ta halatta ba. Abin da ke ci min rai yanzu, tun Janairu 2025 mun fita CEDEAO, wato ECOWAS, wata Hadijatou in ta taso yau ina za ta nufa?

Lauya_mai_zaman_kansa:
Ɗan'uwa akwai sauran ƙofa, Nijar na cikin ƙasashen da suka yarda ɗaiɗaikun mutane su kai ƙara kotun Afirka da ke Arusha kai tsaye, sai dai can dole ka gama da kotunan gida tukuna, ita kuwa ta ECOWAS ba ta gindaya wannan sharaɗi ba. Najeriya kuwa ba ta ba da izinin zuwa Arusha kai tsaye ba.

Hajiya ɗaliba, in mudu kike nema ki duba hukuncin diyya na Norbert Zongo, ɗan jaridar Burkina Faso da aka kashe ranar 13 ga Disamba 1998. A Yuni 2015 kotun Arusha ta ce kowace matar mamaci sefa miliyan 25, kowane ɗa miliyan 15, uwa ko uba miliyan 10, ƙungiyar kare haƙƙi da ta shiga ƙarar sefa 1 don alama, kuma a sake buɗe bincike a nemo makasan. Kin ga nan an fara tsara abin. Amma ki ware babi guda kan aiwatarwa, don a nan muke shan wuya, na taɓa riƙe wa wani bawan Allah kwafin hukunci a fayil shekara da shekaru, duk ƙarshen wata sai ya kira ni ya ce Barista an biya? Ni kuma in rasa bakin amsawa.

Ɗalibar_Shari'a:
Allah ya saka muku da alheri, wallahi kun buɗe min ido. Zan jera Hadijatou da Zongo da Aloeboetoe in auna kowacce da kason nan biyar. Baban Ƙonni don Allah in akwai wata hira da aka yi da matan yankinku bayan hukuncin, ko da Faransanci ce, ka nuna min inda zan samu, ina son muryarsu ta shiga babin nan.