Shawarwari a zaure: me za mu dasa bana, kuma wa zai shayar da shi a bazara?

Sakatare: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da ganin ruwan farko. Kafin zamanmu na ranar Asabar ina so kowa ya ajiye shawararsa a nan kan aikin gayyar bana: wane itace za mu dasa, a ina, kuma ina za mu samo dashen. Akwai kuma maganar yashe kwatoci, wadda ba ta jira. Bismillah.

Auta (Kongo): Wa alaikumus salam Yaya Sakatare. Mu ɗalibai muna ganin a yi dashen ranar 5 ga Yuni, tunda ita ce Ranar Muhalli ta Duniya. Ranar jama'a sun fi fitowa, makarantu ma sun fi saurin ba mu fili.

Baba Alhaji (Ƙofar Doka): Allah ya yi muku albarka. Auta, niyyarku mai kyau ce, amma a farkon Yuni ruwan Zariya bai gama zama ba. Yakan zuba kwana biyu, sannan ya ɗauke mako guda ko fiye, rana ta buɗe, ɗan itacen da aka fitar daga leda jiya ya ƙone a tsaye. Ku bari sai ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Wanda ya shiga ƙasa a lokacin zai sha ruwan Yuli, ya sha na Agusta wanda ya fi kowane yawa, ya ƙara da na Satumba, kafin ruwa ya ɗauke a Oktoba saiwarsa ta kama. Ranar 5 ga Yunin sai ku yi haƙan ramuka, ku shiga azuzuwa ku yi wa yara bayani.

Auta (Kongo): To Baba, mun ji. Allah ya ƙara girma.

Mai Lambu (bakin Kubanni): Tunda an zo maganar rami, bari in sa baki. Faɗi ƙafa biyu, zurfi ƙafa biyu. Ƙasar sama, baƙar nan, a tara ta gefe guda, jar ƙasar ciki a tara ta ɗaya gefen. Baƙar za a gauraya da taki a mayar cikin ramin. Takin kuma ya zama wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, kashin shanu mai kara a ciki kuma gara yake kirawowa. Sannan don Allah a riƙa yage ledar kafin a binne. Bara na tone wani mangwaro da ya bushe a bakin titi, na tarar da shi cikin ledarsa yadda aka sayo shi, saiwar ta nannaɗe a gindin ledar tana ta zagaye ta rasa mafita. Wanda ya dasa shi ya yi wahalar banza.

Injiniya (Hanwa): Ni dai dogon yaro nake gani. Yana jure fari, yana saurin inuwa, awaki ba su cika damunsa ba. Abin da zan ja kunne a kai shi ne wuri. Kada a sa malina ko turare kusa da katanga, rijiya ko ramin salga, saiwarsu tana bin danshi tana fasa gini. Ƙarƙashin wayar lantarki kuma a sa gajeru irin gwaiba da lemu, domin dogon itace a nan ƙarshensa sara.

Baba Alhaji (Ƙofar Doka): Injiniya, ban ƙi dogon yaro ba, ya yi mana rana. Amma baƙo ne, asalinsa daga Indiya, zamanin Turawa aka kawo shi, kuma yanzu duk inda ka juya shi ne. Garin nan da rimi aka san shi. Mutum yana tahowa daga nesa kawunan rimaye yake fara hangowa kafin ya ga ganuwa. Unguwanni suka ci sunansa, ga Rimin Tsiwa, ga Rimin Doko. Tsofaffin suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu an sare saboda gini, ban ga ana dasa sabo ba. Na san rimi ba na ƙofar gida ba ne, fili yake so. Amma muna da filayen makarantu, da filin idi, da gefen maƙabarta. Ko guda biyar muka raya bana, jikokinku za su yi mana addu'a. Ku haɗa da tsamiya da ɗorawa da maɗaci da ɗinya. Ba su da sauri, amma in suka kama sun kama ke nan.

Injiniya (Hanwa): Gaskiya ne Baba. To a raba: dogon yaro a bakin titi inda ƙasa ta yi tauri, namu na gado a manyan filaye.

Malama (Tudun Wada): Iyayena da yayyena, ku yi mini haƙuri, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Kowace damina muna fitowa, mu yi gumi, a ɗauki hoto, a watse. Sai watan Maris in bi ta wuraren nan in ga sanduna a tsaye babu ganye. Daga Oktoba zuwa Afrilu wata shida ne ko fiye babu ɗigon ruwa, ga iskar hunturu, ga zafin bazara, ga dabbobi an sake su bayan kaka. Wa muka bar wa itatuwan nan? Babu kowa. Shawarata ita ce bana kada mu haƙa rami ko ɗaya sai mun san sunan wanda zai shayar da abin da ke ciki. A je wurin mai shayi, da mai faci, da mai kanti, da maigadin makaranta, da ladan, a tambaye shi: kana son inuwa a nan? Wane itace kake so? In ya ce mangwaro, a ba shi mangwaro, kada a tilasta masa abin da muke so. A dasa da hannunsa. Wanda yake zaune a wurin daga safe zuwa dare shi zai kori akuya, shi zai juye ragowar ruwan butarsa. A makarantarmu wata tsamiya guda ce ta rayu daga cikin waɗanda aka dasa tare, kuma dalilinta wata baba mai sayar da awara a bakin ƙofa, wadda kullum in za ta tashi sai ta juye mata ruwan da ya rage a jarka. Yanzu tsamiyar ta wuce tsayin katanga. Sannan ƙirgar da za mu riƙa kawowa zaure ta zama ta watan Afrilu, nawa suka ga bayan bazara. In kaɗan za mu iya rayawa, mu dasa kaɗan.

Anti Nas (Sabon Gari): Malama, kin gama magana. Ina ƙara masallatai. Ruwan alwala sau biyar a rana yana gangarawa kwata ya zama gidan sauro. Ɗan lambatu kawai za a ja masa zuwa gindin itace, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. A yi magana da limamai su taɓo batun a huɗuba, tunda hadisin yana nan cikin Bukhari da Muslim, cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, an rubuta masa ladar sadaka. Maƙwabtanmu na coci-coci a Sabon Gari da Wusasa ma a kai musu takarda, suna da harabobi masu faɗi kuma suna da matasa masu ƙwazo.

Mai Lambu (bakin Kubanni): Wanda ruwa ke masa wuya, ga dabara. A sayi ƙaramin tulu na ƙasa wanda ba a shafe shi da komai ba, a binne gefen dashen har wuya, a cika shi a rufe bakin. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin tulun kai tsaye zuwa saiwa, rana ba ta shanye shi ba, sai a yi kwanaki kafin a ƙara. A baza busasshiyar ciyawa a kewaye, amma kada ta taɓa jikin itacen saboda gara, a barbaɗa toka a gindin. Maganar awaki kuma, sanda huɗu da buhu ya fi komai arha, sai dai a bar saman a buɗe. Inda ake sace sanduna a jera bulo babu siminti, ko a kewaye da ƙayar magarya.

Anti Nas (Sabon Gari): Na ga wasu suna kewaye dashe da gidan sauro. In ya yage ya tashi daga aiki, babu laifi. Amma wanda yake da sauran amfani a bar wa yara, damina ce ke tafe, zazzaɓin cizon sauro yanzu zai fara cika mana asibiti.

Auta (Kongo): Tambaya. Shirin nan na Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ba za mu samu dashe daga wurinsu ba?

Injiniya (Hanwa): A Najeriya jihohi 11 na bakin hamada aka fara da su, irin su Katsina, Kano, Jigawa, Sakkwato, Yobe da Borno, Kaduna ba ta cikin wannan jerin. Wanda ya haɗa da mu shi ne ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasar noma da Bankin Duniya ke tallafa wa, da ya ƙunshi jihohin Arewa 19 da Abuja. Sai Sakatare ya rubuta musu. Amma ga ilimi a ƙofar gidanmu. Cibiyar binciken aikin gona ta IAR tana Samaru, tushenta tun 1922, ga NAERLS da aikinta shi ne kai wa manoma bayani, ga tashar binciken gandun daji ta savana duk a Samarun. Mutum biyu su je da ƙafarsu su nemi shawara kan irin da ya dace da ƙasarmu.

Baba Alhaji (Ƙofar Doka): Kuma ba komai ake saya ba. Mutanen Maradi tun shekarun 1980 suka kama abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon su sassabe duk tohon da ya fito daga tsohon kututture, sai su zaɓi ƙarfafa biyu ko uku su bari, su datse sauran. Da wannan Nijar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 na gonaki. Tohon da saiwarsa ta riga ta yi zurfi ba ya neman buta. Ku zagaya gefen maƙabartu da bayan makarantu, za ku tarar da tsamiya da kanya da marke sun fito da kansu, shinge kawai suke so.

Maman Biyu (Samaru): Ni ina magana ne da yawun mata masu zaman gidan haya, waɗanda ba mu da ko taku ɗaya na ƙasa. A sa noman buhu cikin tsarin bana. Buhun shinkafa, a huda gindinsa, ƙasa da ruɓaɓɓen taki, shi ke nan. Alayyafo wata guda ka fara yanka. Yakuwa, kuɓewa, lalo da attaruhu duk suna yi. Zogale kuma in ya kai ƙugu a datse kansa, sai ya yi rassa, in ba haka ba zai tafi sama ya bar ki da kallo. Ruwan wankin shinkafa da na ganye nake ba su, ban da ruwan wanki mai omo. Sai dai tumatir ne yake ba ni tsoro, tun shekarar sharon.

Mai Lambu (bakin Kubanni): 2016 ke nan, Maman Biyu, shekarar da tsutsar da ake kira sharon ta cinye gonaki har gwamnatin jihar nan ta ayyana dokar ta-ɓaci kan tumatir. Tana shiga tsakiyar ganye ta riƙa ci daga ciki, za ki ga ganyen ya yi fari-fari a wurin. Da kin gani ki tsinke shi ki binne nesa. Ki daka busasshen ƙwallon dogon yaro, kamar rabin kilo a lita 10 na ruwa, ya kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu, ki fesa da yamma. Yana rage ƙwari sosai in an fara da wuri. Kuma tumatir ya fi son sanyin hunturu, ki bari sai Oktoba ki yi reno. Da damina ki riƙe ganye da kuɓewa. Masu sayen mangwaro su nemi mai aure, su duba tabon auren da idonsu, shi ne yake fara 'ya'ya a shekara uku zuwa huɗu.

Anti Nas (Sabon Gari): Ba mu taɓa kwatoci ba. Wannan ya kamata a gama cikin watan nan. Duk ledar da ta bar kwatocin Samaru da Kwangila da Sabon Gari a Kubanni take ƙarewa, daga nan ta gangara Galma, kuma da ruwan nan ake ban ruwan ganyen da muke saya. Sharuɗɗa biyu nake roƙo. Kowa da safar hannu da takalmin roba, akwai kwalabe da allurai a ciki. Kuma abin da aka yaso a kwashe shi a ranar, in ya kwana a bakin kwata ruwan dare zai mayar da shi. Kada wani ya ɗiba ya zuba wa kayan miya, akwai batir da bakin mai a ciki.

Malama (Tudun Wada): Ledar fiya wata mai tsabta kuma ku tara mini. Yaran ajinmu za su yanke bakin, su huda gindin, mu yi renon na baɗi a ciki. Ƙwallon tsamiya da na ɗorawa sai an jiƙa su sun kwana, fatarsu tauri gare ta.

Sakatare: Na rubuta duka. Zan kai takarda ƙananan hukumomin Zariya da Sabon Gari kan motar kwasar shara, amma sai mun fara gaida masu unguwanni, Baba Alhaji ne zai yi mana jagora in ya amince. Kowa ya zo ranar Asabar da sunayen waɗanda suka yarda su riƙe itace a unguwarsa, a kan wannan adadin za mu nemi dashe. Maganar ƙona bola da hunturu da ta masu ɓare ɓawon maɗaci har su zagaye jikinsa, za mu sa su a zaman kaka.

Baba Alhaji (Ƙofar Doka): Na amince. Ku zo bayan la'asar.

Maman Biyu (Samaru): Wa yake da irin zogale? Mata shida sun ba ni sallahu.

Mai Lambu (bakin Kubanni): Akwai, Maman Biyu. Zan taho da shi ranar Asabar, da na yakuwa. Su tanadi buhunansu.