Neman shawara: in sayi lens 50mm ko in haƙura da wanda nake da shi?

Ummi Mai Hoto:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na sana'a. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, kaina ne ya ɗaure. Kyamarar da nake aiki da ita ta yayana ce, shi ya fara sana'ar, da ya samu aiki a Abuja ya bar min ita da jaka da batir biyu, ɗayan ma ya kumbura. Da farko Baba ya ce sam, sai da Goggo ta sa baki, aka yarda da sharaɗin taron mata kawai zan riƙa zuwa, kuma in dawo gida kafin isha'i. To haka nake yi: kamu, sa lalle, wuni, suna. Alhamdulillahi ana kirana, tunda ina shiga har ƙuryar amarya inda namiji ba zai taka ba.

Damuwata hotunan cikin ɗaki ne. Ko su yi duhu, ko su yi yashi-yashi, ko amarya ta ɗan motsa hannu zanen lallen ya caɓe. A bikin da ya wuce uwar amarya ta jera hotona da na wayar 'yarta a gaban mutane ta ce na wayar ya fi. Wallahi ranar ban runtsa ba. Yanzu na kwashi adashi, kuma akwai mai sayar da lens, wato gilashin gaban kyamara, 50mm f/1.8 na hannu, ya ce in Juma'a ta yi ban biya ba zai ba wani. In saya? Ina da biki nan gaba kaɗan.

Sadik:
Wa alaikumus salam. Kin ba mu labarin Goggo amma ba ki faɗi wace kyamara ba ce, ko wane lens ne a kanta.

Oga Bala Situdiyo:
Ba sai ta faɗa ba. 'Yata, je ki biya yau, kar ki jira Juma'a. Duk mai hoton da ba shi da hamsin, wato 50mm ɗin nan, a jakarsa bai fara sana'a ba. Na san wanda ke kan kyamararki, 18-55 ne, mai zum daga 18mm zuwa 55mm, da ake haɗo ta da shi. In kika zuƙo shi zuwa 55 ƙofarsa ta shigar haske ba ta wuce f/5.6, kuma iya ƙanƙantar lambar f, iya faɗin ƙofar. Hamsin yana buɗewa har f/1.8, hasken da ke shiga ya kusa ninki goma. Inda kike tura ISO, lambar da ake ƙarawa don hoto ya yi haske a duhu, zuwa 3200 hoto yana yashi, da hamsin 400 ya ishe ki. Ga baya ya narke, amarya ta fito ita kaɗai. Abin da wayar ke kwaikwaya ke nan.

Ummi Mai Hoto:
Na gode Oga. Yaya Sadik, Canon 600D ce, kuma 18-55 ɗin ne kamar yadda Oga ya ce.

Malam Nura:
To nan ne gizo ke saƙa. 600D ƙaramin sensa gare ta, wato abin da ke ɗaukar hoton a cikin kyamara, don haka duk lens ɗin da kika ɗora sai kin ninka lambarsa da 1.6. Hamsin a kanta zai riƙa gani kamar 80mm a kyamara mai babban sensa, wato ya ƙara matso da abu kusa. In kina son amarya ta fito daga ɗankwali har takalmi sai kin ja baya wajen mita huɗu. Ɗakunanmu yawanci ƙafa sha biyu ne kowane ɓangare, bai ma kai mita huɗun ba, ga gado, ga wadirof, ga akwatunan lefe, ga ƙawaye sun cika ƙasa. Ina za ki tsaya? Kafin ki fitar da ko sisi, ki juya zum ɗinki ya tsaya a kan 50, ki manne shi da salatif, ki shiga ɗakinki ki ce ƙanwarki ta tsaya. Abin da kika gani shi za ki samu. Ni da EF-S 24mm f/2.8 zan ce ki nema, shi a kan 600D kamar 38mm yake.

Oga Bala Situdiyo:
Malam Nura, lissafin takarda daban, aiki daban. Zum ɗinta a kan 24 f/4 yake bayarwa, naka f/2.8, ninki biyu kacal. Ta kashe kuɗin adashi a kan ninki biyu? Mu da muka fara da fim, hamsin kaɗai ne a kyamara, da shi muka yi ɗaurin aure, da shi muka yi fasfo. Ƙafarka ce zum. Yaran yanzu ba sa son motsi. Yaron da na koya wa aiki ma haka ya riƙa yi min gardama, ƙarshe ya kwashe min kwastomomi ya buɗe shago a layin bayana, ko sallama babu.

Malam Nura:
Oga, kyamarar fim ai babban sensa ce a lissafin yau. Abin da hamsin ɗinku na da yake gani, a kan 600D sai lens na wajen 30mm ne zai ba da shi.

Anti Fati:
Ku bar yarinya da lambobi. Ƙanwata, ni ma bikin mata nake yi. Matsalarki haske ce, to ki sayi haske. Filasha ta ɗorawa a sama, irin Godox TT600, ki juya kanta ta kalli silin, hasken ya sauko a hankali. Da 18-55 ɗin nan naki za ki yi aiki mai kyau. Kuma kar maganar uwar amarya ta hana ki barci, yawanci in sun fara kushe hoto cikon kuɗi ne ba sa son biya. Ni akwai wadda na kai wa albam tun kafin azumi, amaryar har ta yi ciki, kullum sai "Alhaji bai dawo ba". Daga yanzu rabi kafin aiki, rabi kafin in tura ko hoto ɗaya.

Ummi Mai Hoto:
Anti ta biya ni cif, ba na so in ɗauki alhakinta. Filasha kuma na gwada, amare ba sa so, hodar fuska tana ƙyalli, inuwa ta fito a bango.

Anti Fati:
Ta jikin kyamara kika gwada, wadda ke ɗagowa. Ba ita nake nufi ba.

Ummi Mai Hoto:
Eh, amma gidajen da nake zuwa ba duka ke da farin silin ba, wani kwano ne tsirara, wani an yi masa fenti mai kala. Kuma filasha sai batir huɗu, ga rashin wuta. Sannan ni abin da aka fi nema a wurina hoton lalle ne da fuska da sarƙa, ba tsayuwa ba. Na tsayuwa ai a tsakar gida nake yi.

Oga Bala Situdiyo:
Kun ji ko? Yarinya ta san aikinta. Hamsin.

Sadik:
Ni dai a yi hattara da na hannu. Nikon D3200 gare ni, aka sayar min da 50mm f/1.8D, sai da na je gida na ga ba ya fokas da kansa, ashe jikin kyamarar ba shi da motar da ke juya shi, sai lens mai harafin G. Mutumin ya daina ɗaga wayata har yau.

Malam Nura:
Wannan na Nikon ne, a Canon duk EF zai yi fokas a 600D. Amma ki tambaye shi wanne ne. Akwai tsohon mai lamba II, gindinsa roba ne, yana ƙara in yana fokas. Akwai STM da ya fito a 2015, gindin ƙarfe, kuma yana matsowa har santimita 35, tsohon sai 45. Ga mai ɗaukar lalle wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Ki haska tocilan ta cikinsa ki duba fumfuna, ƙurar hunturu kaɗan ba komai. Abu na ƙarshe: a f/1.8, daga mita biyu, abin da zai fito tar bai fi santimita 11 ba. Ƙawaye biyar cikin anko suka jeru, ɗaya za ta fito, huɗu su dushe. Sai kin rufe zuwa f/4 ko sama, kin ga hasken da kika saya ya tafi. Kuma ba shi da abin hana rawar hannu.

Oga Bala Situdiyo:
Ta sa fokas a ɗigon tsakiya, a kan ido, shi ke nan. Kuna tsorata yarinya a banza.

Ummi Mai Hoto:
Malam, ƙawaye ai sai in mayar da 18-55. Ban san ko II ne ko STM ba, a hoton da ya turo rubutun bai fito ba. Gaskiya dai na riga na ba shi kafin alƙalami tun shekaranjiya don kar ya sayar.

Anti Fati:
Au, kin ba da kuɗi ba ki ga kaya ba? Kuma canza lens a tsakiyar kamu, ana fesa turare ana liƙi?

Ummi Mai Hoto:
Abokin yayana ne, ba zai cuce ni ba. Na ce ya sake turo hoton gabansa da bayansa, ya ce yana hanya.

Sadik:
In ya turo ki sako mana. Af, akwai mai cajar D3200 ta sayarwa a cikinku?