Abin da muka tattara daga muhawarar Sin City

'Yan uwa, zancen da muka yi kan Sin City, jerin littattafan labari cikin zane, ya yi tsawo, ga inda aka tsaya.

1. Kusan kowa ya ce a fara da labarin Marv, wanda Frank Miller ya soma fitarwa a Amurka a 1991. An kashe wata mata mai suna Goldie tana kwance kusa da Marv, 'yan sanda suka ɗora masa laifin, shi kuma ya bi sawun jinin har gidan Roark, masu riƙe da coci da siyasar Basin City, birnin da labarin ke gudana a cikinsa.

2. Zanen labarin Marv baƙi da fari ne zalla. Masu zane a cikinmu sun ce kada a yi gaggawar juya shafi, a tsaya a ga yadda farin layi kaɗai ke zama ruwan sama a kan fuskar Marv. Ni ma nan na fi tsayawa.

3. Ba na yara ba ne. Babu wanda ya musa.

4. Kan ramuwar gayya aka rabu. Wasu na ganin inda alƙali da ɗan sanda suka zama 'yan amshin shata, dole wanda aka zalunta ya tashi. Wasu suka ce littafin ya ƙawata zubar da jini, kuma bai mutunta mata ba.

5. Fim ɗin Sin City na 2005, a bar shi sai an gama karatu.