Abin da kanikawa suka ce kan canjin sifirin da sitabilaiza

Bakinsu ya zo ɗaya a kan cewa sifirin, wato murɗaɗɗen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a wajen taya, bibbiyu ake canzawa, dama da hagu tare. In aka canza ɗaya, motar za ta karkace. Shokazoba mai yoyon mai ma a canza shi a lokacin, tunda aikin ɗaya ne.

Inda suka fi jan kunne shi ne wajen kwancewa. Kada a taɓa notin saman shokazoba sai an matse sifirin da abin matse shi, ƙugiya biyu suna fuskantar juna, ana ɗaure su kaɗan-kaɗan bi da bi. Sifirin da ya kuɓuce yana iya karya hannu, har ya yi kisa. Kuma kada a shiga ƙarƙashin mota da jak kaɗai.

Ƙarar ƙwas-ƙwas a gargada galibi linkej ne (ɗan ƙarfen da ke haɗa sandar sitabilaiza da ɓangaren taya) ko bushin (robar da ke riƙe ta), ba sandar sitabilaiza ba, wato sandar da ke rage karkatar mota a kwana, sai a fara duba su. In za a canza linkej, a ɗaga tayoyin biyu tare, in ba haka ba sandar na murɗe, ramukan ɗaure shi ba za su haɗu ba. Mai son sanda mai kauri ya sani, daga milimita 20 zuwa 22 taurin yana ƙaruwa da kusan rabi, kuma in ta baya ce, bayan motar kan zame a kwana.

Notocin bushin hannun taya sai mota ta sauka kan tayoyinta ake ƙarasa ɗaure su, sannan a je alayimen.