Dole ne kowane asusu ya zo da nasa adireshin imel?

Mai buɗe zance: Jama'a, ni a ganina wajibi ne duk manhajar da ke yi wa mutane rajista ta hana asusu biyu rataya a adireshin imel ɗaya. Ranar da mutum ya manta kalmar sirrinsa, ta imel ake aika masa hanyar sabunta ta, to idan asusu uku ne ke kan adireshin, wanne za a sabunta?

Malama mai koyar da kwamfuta: Malam, ban yarda a kira shi wajibi ba. Ka ɗauki uwar da ta buɗe wa 'ya'yanta uku asusu a manhajar karatu, alhali yaran ba su kai shekarun mallakar imel ba. Idan kowane yaro yana da sunan shiga nasa, saƙon sabuntawa zai iya jero sunayen ukun, ita kuma ta zaɓi wanda take nufi. Haka ma Django, wani kayan aikin gina manhajojin yanar gizo, ya zo da tsarinsa na asali: sunan shiga ne ba ya maimaituwa, imel kuwa an bar shi a sake.

Injiniya: Kafin ku yi nisa, ku fara daidaitawa a kan abin da ake nufi da adireshi ɗaya. Gmail ba ya kula da ɗigon da ke cikin sunan adireshi, kuma duk abin da aka ƙara bayan alamar tarawa (+), saƙon akwati ɗaya yake faɗawa, don haka mutum guda zai iya yin rajista sau goma manhajar ba ta ankara ba. Ƙa'idar RFC 5321 ta 2008, wadda ta tsara yadda ake aika imel, kuma ta yarda sashen da ke gaban alamar @ ya bambanta babban harafi da ƙarami, kodayake da wuya a sami mai aiki da hakan. Na taɓa ganin wanda ya yi rajista da babban harafi, washegari ya rubuta da ƙarami, aka buɗe masa sabon asusu fayau, ya zaci an share masa komai.

Mai buɗe zance: Injiniya, wannan ai sakacin mai gini ne, domin da an mayar da haruffan ƙanana kafin a ajiye su, da ba a kai ga haka ba. Bai rushe hujjata ba.

Mai kula da rumbun bayanai: Bai rushe ta ba, amma ya nuna iyakarta. Imel kamar gidan haya yake, yau kana ciki, gobe wani ne. A 2013 Yahoo ya sake raba adireshin da suka shekara ba a taɓa su ba, wasu sababbin masu su kuma suka riƙa samun saƙonnin tsofaffin. Ƙa'idar OpenID Connect, wadda ta tsara shiga manhaja da asusun wani kamfani, ma ta gargaɗi masu manhaja kada su ɗauki imel a matsayin shaidar mutum. A ba kowane asusu lambar da ba ta canzawa, imel ya zama bayanin da ake iya sauyawa bayan an tabbatar da shi.

Mai buɗe zance: Na karɓi batun lambar. Amma inda imel ne kaɗai abin shiga, ina nan a kan bakana.

Malama mai koyar da kwamfuta: A nan ba mu da saɓani, Malam. Sai dai idan ka hana maimaici, ka kula da abin da shafin rajista zai faɗa, domin da zarar ya ce wannan imel yana da asusu, ya tona wa kowane baƙo cewa mai adireshin yana cikin manhajarka.