Majiya na Birnin Shiru

Ɗan Kabi: Salamu alaikum. Ran Asabar na kai yara kufan Surame, birnin Kanta Sarkin Kabi, munka zaga ganuwar dutsen nan. Autana ya ce, "Baba, wa ke kwana nan yanzu?" Tambayar ta bi ni har gida, sai na ƙago ƙasa. Almara ce. Amsa-amo "wa".

A Birnin Shiru ba a yin gaisuwa,
Majiya sun ji ta tun kana tahowa.
Su bakwai ne, dogaye, ba su da inuwa,
Da tunani sukan tsai da gudun ruwa,
Abin da ka ɓoye a zuci suna karantawa,
Har mutanen gari sunka soma durƙusawa.

'Yar Argungu:
Yaya, durƙuson nan ya tsaya min a wuya kuwa.
A kogin Matan Fada, ran bikin kamun kifi, Sarkin Ruwa kan riga kowa,
Ana cewa don shi kadoji ke janyewa,
Masu homa da gora su bi baya da faɗawa,
Amma ban ga mai yi mai sujada ba, sai gaisuwa.

Malam na Gwandu:
Ɗiyata, Allah shi yi albarka, kin yi ganewa.
Ku buɗe Suratu Saba'i ku yi dubawa:
Aljannu na ta yi wa Annabi Sulaimanu ginawa,
Yana jingine da sanda, ba su san ya yi rasuwa,
Sai da gara ta ci sandar ya yi faɗuwa.
Ɗan Kabi, Majiyanka sun san ranar mutuwa?

Ɗan Kabi:
Allah gafarta Malam, nan ba su da tacewa.
Babbansu shekara ɗari bai yi runtsawa,
Kukan zucin gari duk a kansa yake zubowa:
Mai bashi, mai kishiya, uwar da ɗanta ke jin yunwa.

Bazamfare, Gusau: Ni wurin masallacinsu hankalina ya tafi, don abin ya taɓa ni.

In da mai jin zuci a bayan liman yana tsayawa,
Wa zai iya sahun gaba ba tare da karkarwa?
Baki na Fatiha, zuci na lissafin kasuwa,
Ni kaina jiya da La'asar na yi wannan ɓacewa.

Ɗan Kabi:
Haka masallacin ya wayi gari ba kowa,
Sai wata tsohuwa mai sai da daddawa.
Babban Majiya ya leƙa zucinta don saurarawa,
Ya ji suna ɗaya tak tana ta maimaitawa.

'Yar Argungu: Yaya, bar mini tsohuwar nan, kakata ce sak.

Ta sallame, ta gan shi tsaye yana rawa,
Ta ce, "Ɗan nan, ka gaji, zo ga inuwa."
Ta tura mashi buta, ta ce, "Fara da alwala tukuna,
Hannu zuwa wuyan hannu, sau ukku, ga ruwa."