Man dalbejiya ya koma sabulu maimakon biyodizal: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Ɗalibar sinadarai, ajin ƙarshe:
Assalamu alaikum. Aikin kammala digirina a kan haɗa biyodizal ne, wato man dizal da ake yi da man tsirrai, daga man dalbejiya. Na bi ma'aunin da aka saba: metanol mol 6 ga mai mol 1 (mol ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari ne), soda kashi 1 cikin 100 na nauyin man, zafi digiri 60, ana motsawa awa guda. Abin da ya fito mai kauri ne kamar kunu, ya ƙi rabuwa gida biyu, gilisarin, ruwa mai kauri da ya kamata ya rabu da biyodizal, bai kwanta ba. Wasu sun ce in ƙara soda. Don Allah duk wanda ya taɓa yin aikin nan da hannunsa ya faɗa mini abin da ya gani.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam ɗiyata. Kada ki ƙara soda, ko kaɗan. Na ga wanga abu ga ɗalibai da yawa. Haɗi biyu ne ke tafiya lokaci ɗaya cikin tukunyarki. Na farko, mai da metanol su ba da biyodizal da gilisarin, soda tana hanzarta su kawai. Na biyu, sakakken asid ɗin da ke cikin man ya cafke sodar, su zama sabulu da ruwa. Ruwan nan kuma ya koma ya farfasa wani man, wani asid ya fito, sabulu ya ƙaru. Man dalbejiya na da asid da yawa, balle wanda ya daɗe a jarka cikin zafin Sakkwato. Kin auna asid ɗin kafin ki fara?

Mai sana'ar sabulu, Mabera:
Ƙanwata, abin da kike gudu shi nake nema kullum. Ni da gangan nake jiƙa soda da ruwa, kuma tsohon mai ya fi saurin kamawa a wurina. Abu ɗaya zan ƙara miki: soda tana shan ruwa daga iska. Da damina, musamman watan Agusta, in kika bar murfin a buɗe kafin ki gama awo ta fara jiƙewa. Lokacin hunturu ba ta haka sosai. Duba wadda aka ba ki, in ta dunƙule to da ruwa a ciki.

Injiniyan masana'anta:
Wannan shi ne darasin haɗe-haɗe masu takara da muke yi a tsarin tukunyar haɗi, kuma ina jin takaicin yadda ake haddace shi don jarrabawa kawai. Ƙarewar kayan da aka zuba ba shi ne nasara ba, sai an duba nawa ne ya bi hanyar da ake so. Idan haɗin da ake so ya fi ɗayan amfana da yawan sinadari, a bar shi da ƙarfinsa: tukunyar zubi ɗaya ko dogon bututu. Idan wanda ba a so ne ya fi amfana, a riƙe sinadarin ƙasa-ƙasa: tukunya mai motsi da ake zubawa ana kwashewa, ko a riƙa ɗiga shi kaɗan-kaɗan. Zafi kuma yana ɗaga haɗin da ya fi buƙatar kuzarin tashi. Shi ya sa masu yin sinadarin etilin okzayid daga iskar etilin a kan katalis na azurfa, wato abin da ke hanzarta haɗi, suke amfani da dubban siraran bututu da sanyaya a kewaye. Wuri ɗaya ya yi zafi fiye da kima, etilin ɗin ƙonewa zai yi ya koma iskar kabon da ruwa. A gwajin da na yi da man gyaɗa mai kyau, na raba haɗin metanol da soda gida biyu, na janye gilisarin a tsakani, kuma rabuwar ta yi tsaf.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ranka ya daɗe Injiniya, bayaninka daidai ne, amma man gyaɗarka ba ya da asid mai yawa. Ga nata man, ɗigawa ba ta hana komi. Asid da soda suna haɗuwa nan take, mol ɗaya ga mol ɗaya, tun biyodizal bai fara ba. Sai an toshe waccan hanya tukun. Abin da muke yi: mataki na farko da asid ɗin salfa, wajen kashi 1 cikin 100, da metanol mai yawa, a digiri 60. Shi zai mai da sakakken asid ɗin biyodizal kai tsaye. A bari ya kwanta, a cire ruwa da ragowar metanol, a sake aunawa. Sai sakakken asid ɗin ya sauka wajen kashi 1 cikin 100 ko ƙasa, sannan soda ta shigo.

Injiniyan masana'anta:
Na yarda, Malam. Tukunya biyu a jere ke nan, kowace da katalis ɗinta.

Tsohon ɗalibin kwalejin fasaha:
Ni da man suyar ƙosai na yi nawa. Na tace, na dafa shi ya ɗan wuce digiri 100 har ya daina tartsatsi, na bari ya huce kafin metanol. Ki lura da zafi: metanol yana tafasa kusan digiri 65, in kika wuce nan ba tare da abin mayar da tururi ba zai gudu, sodar ta zauna da mai ita kaɗai. Kuma guba ne, yana makantarwa. A buɗe tagogi, a nisanta wuta.

Ɗalibar sinadarai, ajin ƙarshe:
Allah ya saka da alheri. Na auna yau, asid ɗin ya wuce iyakar nesa ba kusa ba, sodar ma ta dunƙule. Zan bi mataki biyun. Wajen wanki fa, Baba?

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ruwan ɗumi, a yayyafa a hankali, kada ki girgiza a wankin farko, don ragowar sabulu zai haɗe mai da ruwa. Ki maimaita har ruwan ya fito garau, sannan ki ɗumama man ya bushe.